Tarmus ɗin Mushe Almustafa da Furar Kalfu

A taƙaice, ga yadda al'amarin ya kasance. A bazarar bara, Mushe Almustafa, mazaunin birnin Tawa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, ya sayi wani ɗan tarmus na tafiya, irin mai siffar kofi da murfi, bisa shawarar likita da sa idon matarsa Kaltumi. Tarmus ɗin ya cika duk alkawarin da mai kanti ya ɗauka a kansa: ya riƙe zafi, ya riƙe sanyi, bai zubar da ko ɗigo ba. Wannan cika alkawari ne ya jawo ɓarnar da aka yi a ɗakin Kaltumi, ya kuma kusa raba Mushe da babur ɗinsa. An binciki maganar a cikin gida, an wanke wanda ake zargi, amma bisa wata hujja da shi kansa ba ya son a riƙa maimaita ta. Ga bayanin dalla-dalla.

Babur ɗin, wanda shi ne ainihin abin da ake magana a kai, Faisal ne ya aiko da kuɗinsa daga Abijan. Faisal shi ne ɗan farin Mushe, kuma kamar yawancin samarin Adar ya tafi bida, wato neman kuɗi, tun yana saurayi, ya zauna can, yana mulkin gidan ubansa ta waya. Da babur ɗin nan Mushe yake zuwa wani ƙauye bayan Kalfu ya gaida yayarsa Raƙiya, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda kuma gwiwoyinta suka daina yarda da tafiya. In bai je ba, ba za su ga juna ba. Motocin kasuwa a Kalfu suke tsayawa, sauran hanyar kuwa rairayi ne da duwatsu, sai babur ko jaki, kuma Mushe yana ganin mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da alli ya wuce hawan jaki.

Raƙiya tana da fura. Duk matan ƙauyen suna damawa, amma tata ce ake kwatance da ita, kuma ba ta san wata hanyar cewa tana murna da ganin ƙanenta ba sai ta ajiye masa ƙwarya cike a gabansa. Shi ma bai san wata hanyar amsawa ba sai ya ga ƙarshenta. Haka suka yi ta gaisawa shekara da shekaru, har ranar da jiri ya ɗebe shi a kan hanyar komawa, ya kwanta cikin rairayi shi da babur, wani mai amalanke ya kwaso su duka biyun. A asibiti aka auna jininsa, likita ya dubi sakamakon, ya dubi Mushe, ya tambaye shi ko a masana'antar sukari yake kwana.

Hukunci ya zo daga Abijan a wannan maraicen. Kaltumi ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ƙara mata murya don kada wani ya ce bai ji ba.

"Baba, ni ban hana ka zuwa wurin Goggo ba," in ji Faisal. "Amma in ka ƙara shan hura, ko ludayi guda, Inna ta karɓe makulli, in sa a saida moton. Ba ni sayen abin da zai kashe min uba."

Kaltumi, wadda ba ta ambatar sunan ɗan farinta, ta kashe wayar ta ce, "To, Malam, ka ji mai Abijan."

Mushe ya ji. Ya kuma lura cewa ba a tanadi wurin ɗaukaka ƙara ba.

Likita ya ce ya riƙa tafiya da abin shansa daga gida, shayi ko zoɓo marar sukari, don ya samu abin da zai riƙe a hannu idan aka kawo masa ƙwarya. Aka fara da gorar roba. Kafin a fita gari zoɓon ya yi ɗumin ruwan wanka. Aka gwada babban tarmus na gida, wanda Kaltumi ke fitarwa ranar suna. Ramin farko a kan hanya ya farfasa gilashin cikinsa. Duka sau biyun juyowa gida Mushe ya yi. Daga nan ne aka yanke shawarar zuwa kasuwa. Kaltumi ta ce za ta raka shi, ba don rashin yarda ba, tana da sayayyar gishiri a can gefen.

Kantin da suka nufa na Issouf ne, tsohon ɗalibin Mushe, wanda bai taɓa fahimtar lissafin rabawa a aji ba, amma yanzu yana da kanti biyu. Ya miƙe tsaye da ya gan su, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya jero musu iri uku a kan tebur.

"Mushe, duk wanga kaya na waje ne. 'Yan Najeriya hulas suke ce mashi. Ka zaɓi wanda ranka ya kwanta da shi."

"Raina ba ya cikin maganar, Issouf. Gwadawa za a yi. Nemo ruwan zafi."

Issouf ya leƙa waje, ya karɓo buta daga mai shayin da ke jikin kantinsa. Na farko na roba ne, marar nauyi, da zanen furanni a jiki. Aka cika shi, aka rufe, Mushe ya riƙe shi cikin tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ya ajiye.

"Yana ƙona hannu. Abin da ke ƙona hannu kuwa, zafinsa fita yake yi. Darasin aji biyar ne wannan. Ina jin ranar ba ka zo ba."

"Ranar kasuwa ce, Mushe."

"Na gani."

Na biyu na ƙarfe ne, baƙi mai sheƙi, da wani ɗan maɓalli a murfin: ka danna ya buɗe, ka sha da hannu ɗaya, ka saki ya rufe. Mushe ya danna shi sau da yawa fiye da yadda bincike ke bukata. Ya riga ya hango kansa a ƙarƙashin bagaruwa a bakin hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana dannawa masu wucewa suna kallo. Tarmus ɗin bai ƙona hannu ba. Har ya soma laluben aljihu.

"A kihe shi," in ji Kaltumi.

"Inna, wanga ba ya yoyo. Ni da kaina..."

"To kihe shi bisa kwalin sukarin can naka."

Issouf ya dubi kwalin, ya dubi tarmus ɗin, sannan a hankali ya tura kwalin gefe da ƙafa. Mushe ya ɗauki wannan a matsayin cikakkiyar amsa. Duk da haka aka kife shi a kan siminti don cika ƙa'ida, sai ga ɗigo yana bin ɗigo daga ƙarƙashin maɓallin.

Na uku ba shi da kyan gani. Launin toka gare shi, yana da nauyi, ƙarfensa ninki biyu, murfinsa murɗawa ake yi, da wata 'yar roba zagaye a ciki. Wannan karon Issouf bai jira a umarce shi ba. Ya ciro wayarsa ya ajiye a kan tebur, ya cika tarmus ɗin, ya murɗa, ya kife shi a kanta, ya girgiza kamar mai kaɗa nono. Wayar ta tashi a bushe. Kaltumi ta karɓa ta yi nata binciken: ta ga bakinsa yana da faɗin da ƙanƙara za ta shiga, soso ma zai shiga, ta cire robar ta mayar don ta tabbata ana iya wanke ƙarƙashinta, ta gwada shi cikin jakar da ake ɗaurewa a bayan babur. Aka bar shi a rufe muddin ana ciniki, kuma cinikin Kaltumi ba gajere ba ne. Da aka buɗe, tururi ya tashi, jikinsa kuwa sanyi ƙalau.

"Abu guda, Mushe," in ji Issouf yana naɗe shi. "Shayi, kahe, zoɓo, ruwan ƙanƙara, duk shina riƙewa. Amma kada a zuba mashi nono, ko wani abu mai tsami, a bar shi ruhe. Iskar ba ta da wurin hita."

"Don gudun nono ake sayensa," in ji Mushe. "Ka ajiye gargaɗinka ga mai bukata."

A kan hanyar gida ya tuna wa Kaltumi cewa ba ta sayi gishiri ba. Ta ce ashe akwai saura.

Ranar tafiya Kaltumi ta cika masa tarmus ɗin da zoɓo da ƙanƙara, ta murɗa murfin da kanta. Rana ta yi irin ta bazara, wadda ko ƙadangare ke neman inuwa, amma da ya tsaya bayan Kalfu ya buɗe, ƙanƙarar na nan tana ƙara a ciki. Ya sha, ya yarda a ransa cewa an yi sayayya mai kyau, ko da yake zoɓo marar sukari, komai sanyinsa, abin sha ne na wanda ake horo.

Raƙiya tana zaune a rumfarta da ya isa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Kaltumi, ta tambayi na Abijan, ta tambayi faɗuwar da aka ce ya yi. Tana tambayar tana janyo ƙwarya kusa, ta ɗage faifai. Fura ce fara, mai kauri, nonon safiyar nan, ludayi yana tsaye a ciki. Ƙamshin ya zo masa tare da duk shekarun yarintarsa.

"Bisimilla, Auta."

"Yaya, likita ya hana."

"Ai na ji. Ban sa sukari ba. Gero ne da nono."

"Ya ce geron ma, in ya shiga jiki, sukari yake zama."

Raƙiya ta dube shi da kyau, kamar mai neman alamar inda ya bugu a kai.

"Gero ya zama sukari? Da Adar duk mun yi arziki."

Ya yi mata bayani kamar yadda zai yi wa aji, da misalai. Ta saurara har ƙarshe cikin ladabin wanda bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Sai ya fito da tarmus, ya nuna mata murfin da robar, ya miƙa mata ta ɗanɗana, domin ba a shan abu a gaban mutum ba a yi masa tayi ba. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar.

"Kaltumi na hushi da kai?"

"A'a, Yaya."

"To mi ka yi mata?"

Ya ce bai yi mata komai ba. Ta sake tura ƙwaryar gabansa da ɗan yatsa, kaɗan kawai. A nan ne Mushe ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya san kansa: ya sa hannu ya mayar da ita. Ya tuna rairayin da ya shiga bakinsa, ya tuna makullin, ya lissafa cewa ƙwarya ɗaya yau tana nufin ba zai ƙara zama a wannan rumfar ba. Bai faɗa mata wannan lissafin ba, don bai san yadda zai ce wa wadda ta goye shi furarta ce za ta raba su ba.

Raƙiya ta janye ƙwaryar. Ta mayar da faifai, ta koma zancen akuyar da ta haifi tagwaye da rijiyar da ta ja baya. Ya shanye zoɓonsa har ƙarshe a gabanta, kowace kurɓa kamar laifi. Da aka kira la'asar ta miƙa hannu.

"Kawo kwanon naka a ɗauraye."

Ya ba ta, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar ta riga ta shirya jakar: wake, kuka, ɗan ƙullin daddawa, an ɗaure baki tamau. Jakar ta yi nauyi, amma jakar da ta fito daga hannun Raƙiya ba ta taɓa yin rashin nauyi ba. Ya ɗaura ta a baya, ya kama hanya, duwatsun hanyar suna girgiza shi da kayansa har Tawa.

Ya isa gida a gajiye, da girman kan mutumin da ya ci jarrabawa. Ya ba Kaltumi rahoto cewa bai taɓa ko ludayi ba. Ta dubi idonsa, ta karɓi rahoton ba tare da sa hannu ba. Jakar kuwa ta kwana a kusurwar ɗaki, ta kuma yi rabin yini a ƙarƙashin rufin kwano, domin da safe an yi rasuwa a unguwa, duk sun tafi gaisuwa.

Bayan azahar Kaltumi ta zauna a tsakar ɗakinta ta kwance jakar. Ta fitar da wake, ta fitar da kuka, ta fito da tarmus don ta wanke. Murfin ya ƙi motsi. Ta miƙa wa Mushe, wanda ke kishingiɗe yana sauraren rediyo. Ya gwada, ya ce hannunsa na da gumi. Ta karɓa, ta matse shi tsakanin gwiwoyi, ta naɗe murfin da gefen zani, ta murɗa da ƙarfin mace mai daka.

Murfin ya bar hannunta da ƙara kamar an fasa taya. Ya bugi rufi, ya sauka bayan gado. Abin da ya biyo shi fari ne, mai kumfa, mai tsami, kuma ya bi ko'ina: fuskar Kaltumi, ɗankwalinta, jeren kwanonin da ke kan kabad, labule, agogon bangon da aka ba Mushe ranar da ya bar aiki. Rediyon ya yi wani tari ya yi shiru.

Babu wanda ya bukaci a gaya masa mene ne. Ko makaho ya san furar Raƙiya.

Mushe ya zauna sosai. A wannan lokacin ya gane abin da ya kamata ya gane tun a rumfa. Kwanon baƙo ba ya komawa gida wofi. Ko maƙwabciya ce ta aiko da tuwo, ba a mayar mata da kwano ba komai a ciki, balle ƙane da ya zo daga birni ya ƙi cin abin gidan. Ita dai ta ga kwano mai murfi, ta yi abin da ake yi wa kwano. Ya san wannan tun kafin ya san karatu, amma ya miƙa mata tarmus kamar wanda aka haifa a wata ƙasa.

Ya kuma san yadda maganar za ta yi kama. Ga mutumin da aka hana fura, ga fura a cikin abin da ya zaɓa da kansa don ba ya yoyo kuma ba a ganin cikinsa. Shi da ya yi shekaru yana sauraren yara suna cewa akuya ta cinye littafinsu, ya san darajar uzuri irin nasa. Wayar tana nan a kan kabad, da ɗan ɗigon fura a fuskarta, Abijan kuwa dannawa ɗaya ce.

Ya tashi ya ciro makullin daga ƙusar da yake ratayewa, ya ajiye a kan tabarma a gabanta.

"Ban san tana ciki ba," in ji shi. "Amma ban ce ki yarda ba."

Kaltumi ta share idonta da bayan hannu. Ba ta dubi makullin ba. Ta dubi rufi, ta bi bango da kallo, ta dubi kwanoni da labule, ta leƙa cikin tarmus ɗin ta ga abin da ya rage, kamar mai auna hatsi bayan sussuka. Ta daɗe tana wannan aikin.

"Cike yake," ta ce.

"Na'am?"

"Na ce cike yake har baki. Dubi abin da ya hita, dubi saura." Ta cire ɗankwalin ta matse shi. "Malam, tun ina yarinya nike gidanka. Hurar Yaya, a bayanka, kai kaɗai, da duk inuwar da ke tsakanin Kalfu da nan? Da ka san tana ciki, ko warinta ba ya isowa Tawa."

Ta tura masa makullin da yatsan ƙafa.

Mushe ya buɗe baki don ya nuna cewa mutum yana iya sanin abu yana nan ya kuma kame kansa, kamar yadda ya yi jiya a gaban shaida. Sai ya lura cewa wannan hujjar, in ta tsaya, ita za ta kayar da shi. Ya rufe bakinsa, ya ɗauki makullin, ya mayar kan ƙusa.

"Ɗauko tsintsiya," in ji Kaltumi. "Kuma tahiya ta gaba da ni za a yi. Ni da Yaya muna da magana."

An yi tafiyar da ita, a bayan babur, tana riƙe da jakar. Abin da matan biyu suka tattauna bai shiga kunnen Mushe ba, domin an tura shi ya dubo akuya mai tagwaye. Sakamakon dai shi ne: ba a ƙara ajiye masa ƙwarya ba, kuma tarmus ɗin bai taɓa komawa Tawa wofi ba. Raƙiya tana ɗauraye shi, ta shanya, ta cika shi da soyayyar gyaɗa, ta murɗa murfin da kanta. Har yanzu ba ta yarda gero na zama sukari ba. Ta dai yarda cewa Auta ya tsufa, kuma tsofaffi suna da nasu rigingimun. Abijan ba ta samu labarin komai ba.

Abin da al'amarin ya ci shi ne kamar haka. Tarmus, sefa jikka shida. Sabuwar robar murfi, domin ta farko ba a gan ta ba har yau, kyauta daga Issouf, wanda ya tambaya, "Nono?" aka ce masa, "Nono." Babban tarmus na suna, ɗaya. Rediyo, ɗaya. Ɗankwali, ɗaya, ya koma tsumman goge babur. Agogon bango yana aiki, amma yana wari idan zafi ya yi yawa. Fura, cikin tarmus guda, ba wanda ya sha.